Zariya, Garin da Ke Ci da Alƙalami

Matafiyin da ya taso daga Kaduna zai je Kano, in ya ci tafiyar kamar kilomita 80, sai ya fara hango dutsen Kufena, ya wuce Ɗanmagaji inda motoci kan tsaya a ci abinci a yi salla, can gaba kuma ya hau gadar Kwangila. Iyakar Zariyar da yawancin mutane suka sani ke nan, wurin shan mai da sayen rake ko karas ta tagar mota. Mai son ganin garin sai ya sauka ƙarƙashin gadar, domin a nan hanya take rabuwa. Ɗaya ta gangara PZ da Sabon Gari, ta ratsa Tudun Wada har Ƙofar Doka. Ɗayar kuwa, wato hanyar Sakkwato, ta bi ta Hanwa da Palladan ta kai ka Samaru, sannan Shika da Giwa. Ita na fara bi, don a can amsar tambayata take: da me garin nan yake ci, kuma yaya daɗin zamansa?

A baki gari ɗaya ne, amma a ƙasa garuruwa ne aka jera, kowanne da zamanin da ya haife shi. Akwai birni cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau take. Akwai Sabon Gari da ya tsiro gefen tasha bayan isowar layin dogo wajen 1911, da Tudun Wada ta baƙi 'yan Arewa, da Wusasa ta 'yan mishan, inda cocin ƙasa da aka gina a 1929 yake tsaye har yau, kuma inda Janar Yakubu Gowon ya tashi. Sai Samaru, wadda gonar gwaji ta Turawa ta fara raya ta tun 1922. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, in an haɗa su, mutum kusan dubu 700. Ba ta kamo ƙafar Kano ba, amma ta wuce a kira ta ƙaramin gari.

Abin da ya raba ta da sauran garuruwa masu girmanta shi ne makarantu, kuma sai mutum ya zaga da ƙafarsa yake gane yawansu. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962, Sardauna da kansa yana uban jami'a na farko, ita ce giwar. Babban mazauninta na Samaru, reshenta na Kongo inda aka fara da horar da akawunan En'e kafin a koma karatun shari'a da aikin mulki, asibitin koyarwarta kuma ya tare a Shika tun 2005. Kafin ka isa ƙofarta za ka ji ƙarar ƙananan jiragen sama suna shawagi ƙasa-ƙasa a kan rufin gidajen Palladan, na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne da aka kafa a 1964. Ga Kwalejin Barewa, da aka fara a Katsina a 1921 ta dawo Zariya a 1949, wadda ta yaye Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ga Alhudahuda, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka ɗaga darajarta zuwa jami'a. A Basawa akwai cibiyar nazarin sufuri da ta binciken sinadarai, a Samaru akwai ta fata da ƙirgi. Sojoji ma makaranta ta kawo su: a barikin Chindit ake horar da kuratan sojan ƙasa na Najeriya, kusa da makarantar yara ta soja da aka fara a 1954. Har tukunyar nukiliya ta bincike, wadda babu irinta a ƙasar, tana nan ƙarƙashin jami'ar tun 2004.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan, in ka ajiye maganar allo da alli, wuri ne da ake biyan albashi. Nan ne sirrin kasuwar Zariya. Kuɗin da ke yawo a garin ta ƙofa biyu suke shigowa, kuma duka daga waje. Ƙofa ta farko ita ce asusun gwamnati, yawanci ta tarayya, da ke zubo albashin malamai da likitoci da masinjoji da masu gadi kowane ƙarshen wata. Ta biyu aljihun iyaye ne, daga Maiduguri da Ilori da Makurɗi da Legas, da ke turo wa dubun-dubatar ɗalibai kuɗin abinci da na haya. Mai shago a Samaru ya san kalandar jami'a fiye da wasu ɗaliban. Ya san ranar dawowa hutu, ya san makon jarrabawa, ya san lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke ɗinke kundin kammala karatu, kuma in albashi ya makara, littafin bashinsa ne ke fara gaya masa.

Na fi son Samaru da yamma, bayan la'asar, lokacin da ɗalibai ke kwararowa daga babbar ƙofa da ƙofar arewa su tsallaka titi. Jerin shagunan da ke fuskantar katangar jami'a kusan duk saboda su aka buɗe: masu fotokwafi da buga takardu, masu gyaran waya da kwamfuta, masu POS ƙarƙashin laima, teloli, masu aski, masu sayar da katifa da bokiti da risho waɗanda kakarsu ita ce makon da sababbin ɗalibai suka iso. Mai shayi ya jera kwalayen indomi da kiret ɗin ƙwai, mai tsire ya fara hura wuta, mata na suyar ƙosai da awara da doya. 'Yan acaɓa da masu keke Napep suna kiran Kwangila, PZ, Sabon Gari. A teburin mai shayi ɗaya za ka ji Hausa da Yarbanci da Tibi da Turancin buroka, kuma ba wanda ke waiwayen wani. Wannan cakuɗa ba ƙaramin abu ba ne a Arewar yau. Sardauna ya so jami'ar ta zama ta kowa, kuma ko me aka rasa daga burinsa, wannan dai yana nan da ransa a bakin titin Samaru.

Bayan shagunan akwai sana'ar da ta fi kowace kawo kuɗi, wato gidan haya. Ɗakunan kwanan jami'a, su Amina da Ribadu da Sulaiman da Ɗanfodiyo, an gina su ne lokacin da ɗalibai ba su kai rabin na yanzu ba. Ko da sabon ginin da gidauniyar Ɗangote ta ƙara, gado bai isa ba. Saboda haka gari ya haɗiye ragowar. Hayin Dogo, Ɗanraka, Zango, Bomo, Layin Zomo, wuraren da dattawa ke tuna su da gonakin dawa, yanzu jerin ɗakuna ne ciki da banɗaki. Malamin da ya karɓi garatuti, da ɗan kasuwar da ya samu rara, duk dabararsu ɗaya: a sayi fili a zuba ɗakuna. Ya raya mutane da yawa, magina da kafintoci da dillalai da masu tifa. Amma kusan duk unguwannin nan sun riga hukuma isa wurin. An yi gini kafin a fitar da titi, an haƙa rijiya dab da masai, lunguna sun matse har mota ba ta shiga. Da damina na ga ɗalibai sanye da fararen rigunan asibiti suna tattare wando suna tsallake kwata. Kuɗin haya kuma ɗalibi ne ke yanke shi, don uku ko huɗu za su haɗa su biya abin da ƙaramin ma'aikaci mai iyali ba zai iya shi kaɗai ba, sai ya ja iyalinsa can bayan gari.

Duk wanda na zanta da shi a kan kasuwa, maganar ba ta nisa sai ta faɗa kan yajin aiki. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi wata tara ba ta aiki, ga kullen korona a kai. A 2022 ta sake tafiya daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, gwamnati kuma ta riƙe albashi. A Abuja labari ne na jarida, a Kano ma kasuwar Kwari ba ta san ana yi ba. A Samaru kuwa ƙofofin kuɗin nan biyu ne suka rufe lokaci ɗaya: ɗalibai sun tafi gida, malamai ba su da abin kashewa. Mai abincin da ke dafa buhu ta koma mudu. 'Yan acaɓa suka koma gona ko suka bar gari. Masu gidaje suka zauna da ɗakuna a kulle, kayan ɗalibai a ciki, ba haya ba damar sa wani. Akwai manyan malamai da suka sayar da mota, akwai waɗanda suka bar ƙasar ba su dawo ba. Mai suyar ƙosan nan ba ta cikin ƙungiya, ba ta cikin gwamnati, ba a kuma taɓa kiranta teburin sulhu ba, amma ita ta fi kowa biyan kuɗin rigimar, kuma ita ba a biyanta ariyas.

Ba haka Zariya take tun asali ba. Tukunyarta a kan duwatsun murhu uku take zaune a da, yanzu biyu suka rage, wato asusun gwamnati da aljihun iyaye, shi ya sa ƙaramin motsi ke karkatar da ita. Dutse na uku shi ne jirgin ƙasa da masana'antu. Nan ce mahaɗar layin dogo: na Kano ya wuce, wani ya nufi Gusau har Ƙauran Namoda inda ya isa a 1929, akwai kuma ƙaramin layin da ya hau Jos daga 1914 har aka rufe shi a 1957. Auduga da gyaɗa da taba duk ta nan suke bi. Akwai injin gurzar auduga, akwai kamfanin taba da ya buɗe masana'antarsa a 1959 yana sayen ganye daga manoman karkara, daga baya aka samu masu yin tamfol da kwali da mitar lantarki da sirinji. Ga kuma ɗab'i: a Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, kuma yawancin littattafan Hausa da iyayenmu suka karanta a firamare daga nan suka fito. Yau in ka zaga Cikaji da Dakace da bakin tasha, wasu wuraren sun rufe, wasu na ɗingishi, ciyawa ta cinye layukan da taragu ke jira a da. Mutuwar masaƙun Kaduna ta ja auduga ta tafi da ita, rashin wuta da shigo da kayan waje suka ƙarasa saura.

Inda na ga haske shi ne wajen iri. Manoman Arewa da yawa suna shuka abin da aka ƙirƙiro a Samaru ba su sani ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar ce ke fitar da irin masara mai suna SAMMAZ, da dawa SAMSORG, da gyaɗa SAMNUT, da wake SAMPEA, da auduga SAMCOT, kuma haruffa ukun farko na kowanne daga sunan Samaru aka ɗauko su. A 2019 ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso. A Shika, cibiyar binciken dabbobi ta samar da kazar ƙwai ta Shika Brown. Saboda kusanci da waɗannan masana ne kamfanonin iri irin su Premier Seed da Value Seeds suka kafa sansani a Zariya, suna ba manoman kewaye kwangilar noma musu iri, suna ɗaukar waɗanda suka karanci aikin gona. Wannan shi ne abin da ake nufi da garin jami'a: ilimi ya fito daga ɗakin gwaji ya zama buhu, ya zama aikin yi, kuɗinsa kuma ba ya jiran sa hannun wani a Abuja. Abin takaici shi ne a fannin noma kaɗai hakan ta faru sosai. Jami'ar da ke yaye injiniyoyi da masu haɗa magunguna da masu zanen gine-gine kowace shekara, garin da ke da cibiya sukutum ta fata, bai kamata a ce takalmin kirki sai an je Kano ko Aba ba.

To, zaman garin fa? A nan Zariya tana da abin tinƙaho na gaske. Tana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, don haka zafinta bai kai na Sakkwato ko Maiduguri ba, sanyin hunturunta kuwa sai da bargo. Cikin jami'a bishiyoyin maɗaci da dalbejiya sun yi rumfa a kan tituna, da yamma mutane na tattaki wajen dam ɗin Kubanni. Abinci kusa yake da gona: tumatir da albasa da karas daga fadamun Galma, rake daga wajen Maƙarfi, masara daga Giwa da Soba, ƙwai daga gonakin kajin da suka kewaye garin. Albashin da ba ya kai mutum tsakiyar wata a Abuja, a nan yana iya riƙe gida in an yi tattali, ko da yake tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota tsakanin Samaru da birni ya zama abin lissafi ga mai zuwa aiki kullum. Makarantar yara ba a nemanta da nisa. Ƙwararren likitan da mutumin Funtuwa ko Gusau zai kwana a hanya don ya gani, ɗan Zariya keke Napep zai hau. Cunkoson motoci bai wuce na Kwangila da kasuwar Sabon Gari ba. Shi ya sa malamai da yawa da suka zo daga jihohi masu nisa suna samari, in sun yi ritaya ba sa komawa, sai su gina gida a Hanwa ko Graceland su zauna.

Ruwa ne abin da ya fi ci wa mutanen garin tuwo a ƙwarya. An shekara da shekaru ana jin labarin aikin ruwan Zariya, gwamna ya zo ya tafi, har aka ƙaddamar da matatar da aka ce za ta iya tace lita miliyan 150 a rana a 2017. Duk da haka, abin da idona ya gani a unguwanni da yawa shi ne 'yan garuwa da kurarsu ta jarkoki, da layin yara a bakin burtsatsen wani mai hali. Jami'a na da dam da matatarta, amma ita ma da rani takan yi ƙaranci. Wuta kuwa ta zama abin da ke neman durƙusar da ita kanta giwar: bayan da aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin farko zuwa naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024, kuɗin wutar jami'ar ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira a wata, har ta koma rabon wuta da awa. Ɗakin gwajin da firjinsa ke mutuwa da dare ba zai fitar da binciken da kamfani zai saya ba. Masu shago sun koma sola, wanda bai da hali yana nan da janareta.

Sai tsaro, wanda ba a son ɗaga murya in ana maganarsa. Dazuzzukan Giwa da Birnin Gwari ba su da nisa. A Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da dare suka kashe ɗalibi suka sace wasu ɗalibai da malamai, an kuma sha shiga gidajen da ke gefen gari. Abin ya lafa idan aka kwatanta da waɗancan shekarun, amma ya bar tabo. Mutanen da suka yi gini a bakin daji don neman sarari sun dawo tsakiyar jama'a, malamai masu gona sun rage nisan da suke zuwa, kuma uba a Enugu ko Ibadan yakan yi tunani sau biyu kafin ya bar 'yarsa ta cike sunan Zariya a takardar neman jami'a. Garin da baƙi ke ciyar da shi, tsoro ya fi cutar da shi fiye da kowane gari.

Ban bar Zariya ba sai da na shiga birni ta Ƙofar Doka, kuma a can mutum yake tuna cewa ba Turawa suka kawo wa garin nan karatu ba. Tun kafin a san boko, almajirai ke tattaki daga ƙasashe masu nisa zuwa zaurukan Unguwar Juma da Kona don nahawu da fiƙihu, har yau kuma in ka bi lungunan da asuba za ka tarar da manyan mutane zaune gaban malam, kowa da littafinsa a cinya. A ƙofar gidaje maza na zaune da allura suna aikin aska a wuyan babbar riga, mata a ciki suna nasu ɗinkin, dillalai na kai wa Kano da Abuja. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wanda masana gine-gine na duniya suka sha zuwa kallo, wani sashensa ya rufta a Agustan 2023 ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Kilomita goma sha ne tsakanin masallacin da sashen koyar da zanen gine-gine na jami'a. Wannan tazara ta tsaya mini a rai, domin haka birni da Samaru suke a abubuwa da yawa: maƙwabta ne da ke gaisawa da mutunci, amma kowa harkarsa yake yi. Mai ɗinkin hannu bai san akwai sashen zane da saƙa a jami'a ba, ɗalibin sashen kuma zai gama shekara huɗu bai taɓa zama a zauren maɗinki ba.

Ɗaliban da na tambaya inda za su bayan bautar ƙasa, Abuja suke cewa, ko Kaduna, ko Legas, ko waje. Ba ƙin garin suke ba, da yawansu ma sun ce nan suka fi jin daɗi a rayuwarsu. Aikin da zai riƙe su ne babu, in ba jami'ar ce ta ɗauke su ba. Zariya na karɓar yaro ɗan shekara goma sha takwas, ta ciyar da shi da araha, ta koyar da shi, ranar da ya fara amfanuwa kuma sai wani gari ya ɗauke. Tsofaffin ɗalibanta sun cika ma'aikatu da bankuna da majalisu, sun yi gwamnoni da ministoci ba adadi, kuma kowannensu in an ambaci Samaru sai ya yi murmushi.

Su nake wa magana, tare da gwamnatin Kaduna da masarautar Zazzau da hukumar jami'a. Zariya gari ne mai daɗin zama ga wanda ya riga ya sami abin yi, mai wuya ga wanda ke nema. Ba sabon zauren taro mai ɗauke da sunan wani take buƙata ba. Ruwan famfo take buƙata a Tudun Wada da Hayin Dogo, da wutar da ɗakin gwaji da ƙaramar masana'anta za su dogara da ita, da titi da magudana kafin a yanka sababbin filaye. Wanda kuma Allah ya hore wa jari cikin waɗanda suka ci tuwon Samaru, ya dubi abin da kamfanonin iri suka yi, ya kawo nasa kamfanin kusa da malaman da suka koyar da shi. Ƙwararrun suna nan, fili na da araha, kuma babbar hanyar Kano da Kaduna ta ƙofar garin ta wuce.